Macen da Ta Daina Magana: Gargaɗi ga Masu Bi a kan Dukan Mata da Ciwon Damuwa

Ya kai mai karatu, ko ka riga ka karɓi baftisma, ko kuwa har yanzu kana zama a bencin baya kana sauraro kana aunawa, dominka aka rubuta wannan 'yar takarda, da matarka kuma. Idan ba ta iya karatu ba, ka karanta mata da murya, kada kuwa ka tsallake wurin da ya taɓa ka.

Akwai wata mace a wani ƙauye inda muka yi aikin bishara shekarun baya. Ba za mu faɗi sunanta ba, ko sunan garin, gama tana da rai, 'ya'yanta kuma sun yi wayo. Sa'ad da aka kawo ta gidan miji yarinya ce mai fara'a. Idan mata suna daka da asuba, muryarta ake fara ji. Mijinta manomi ne, ba rago ba, ba kuwa marowaci ba. Shi ya fara karɓar bishara a gidansu, ya ƙone layunsa a gaban jama'a, ya bar burukutu, ya koyi karatu a ajin dare har yana buɗe Littafi Mai Tsarki da kansa. Abu ɗaya ne bai bari ba. Idan ya dawo daga gona tuwo bai sauka ba, ko yaro ya yi kuka ya hana shi barci, ko ta tambaye shi kuɗin cefane a ranar da ba shi da su, sai ya ɗauki igiyar shanu. Maƙwabta suna ji ta bayan danga, amma kowa ya ce tsakanin miji da mata sai Allah.

Cikin shekara tara ta haifi biyar, ta binne biyu. Bayan haihuwa ta biyar, tun ba a yi arba'in ba, aka ga ta canza. Takan zauna a bakin murhu wuta ta mutu ba ta sani ba. Jariri yana kuka tana dubansa kamar ɗan wata. Ba ta barci, ba ta cin abinci sai an matsa mata, idan an yi mata magana sai hawaye. Daga baya hawayen ma suka ƙafe, ta yi shiru ɗungum. Uwar mijin ta ce iska ce, gado ne kuma, gama uwarta ma haka ta yi kafin ta rasu. Ta ce da ta sani da ba a nemi aure a gidan ba. Waɗansu cikin masu bi suka ce ƙarancin bangaskiya ne. Mijin kuwa ya zo wurin mai bishara ya ce, "Malam, a zo a yi wa iyalina addu'a, an yi mata jifa."

Aka tafi, aka yi addu'a. Da za a fita, wata tsohuwa cikin zumuntar mata, wadda take yi mata wankan jego, ta ja mai bishara gefe ta ce, "Malam, kafin a tafi neman aljani a jeji, a tambayi mai gidan nan abin da ya sami bayanta. Ni nake yi mata wanka, na gani."

CIWO NE

Abin da ya kama matar nan yana da suna wurin likitoci, da Hausa kuwa ana ce da shi ciwon damuwa. Ya bambanta da baƙin cikin da kowane ɗan Adam yake yi idan an yi masa rasuwa ko ya yi hasara, wanda yakan yi sauƙi da kwanaki. Wannan yakan zauna mako biyu ko fiye, safe da yamma, ba ya ɗagawa. Mai shi ba ta jin daɗin abin da dā take so, barci ya ƙaurace mata, jiki ya mutu, tunani ya yi nauyi, takan ga kanta ba ta da amfani ga kowa, wani lokaci har ta ga mutuwa ta fi mata. Da yawa ba sa cewa suna baƙin ciki. Ciwon kai suke kuka da shi, ko zafi a ƙirji, ko faɗuwar gaba, su yi ta sayen ƙwayoyi a kanti ba sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata sun fi maza kamuwa da shi, kusan uku ga biyu, kuma cikin mata masu ciki da masu jego fiye da ɗaya cikin goma sukan kamu.

Ba sabon abu ba ne a ƙarƙashin sama. Ku buɗe littafin Sama'ila na fari, sura 1, ku karanta labarin Hannatu matar Elkana. Ba ta haihu ba, kishiyarta Feninna kuwa tana da 'ya'ya, tana yi mata gori shekara bayan shekara, har Hannatu ta bar cin abinci, sai kuka. Da ta shiga ɗakin sujada a Shilo tana addu'a a zuci, leɓunanta suna motsi ba a jin murya, Eli firist ya dube ta ya ɗauka ta bugu da giya, ya tsauta mata. Dattijo ne, mai hidimar Allah, duk da haka ya yi kuskure a kan mace mai ɓacin rai. Idan Eli ya iya kuskure, mu ma muna iyawa. Abin da ya fisshe shi ɗaya ne: da ta buɗe baki ya saurare ta, ya janye maganarsa, ya sallame ta da albarka.

Ba mu musun akwai miyagun ruhohi, gama Littafi ya yi zancensu. Amma ku lura da bisharar Matiyu, sura 4, inda aka lissafta marasa lafiyar da aka kawo wa Ubangiji Yesu: masu aljanu daban aka ambace su, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. Ashe Littafin kansa bai zuba kowane ciwo a kwando ɗaya ba. Wanda ya tuba ya bar bori, kada ya ɗauko tunanin bori ya shigo da shi cikin ikkilisiya, ya canza masa suna kawai, yana ganin iska a kan kowace mace da ta yi shiru.

ZANCEN GADO

Uwar mijin nan ta ce gado ne. Akwai ɗan gaskiya a bakinta, dole mu faɗe shi. Masana da suka bincika tagwaye sun tarar gado yana da rabo cikin wannan ciwo, kamar kashi 37 cikin 100. Sauran kuwa daga abin da ya sami mutum ne a zamansa na duniya. Wadda uwarta ko ubanta ko ɗan'uwanta na ciki ɗaya ya yi ciwon, ta fi waɗansu saukin kamuwa sau biyu ko uku. Amma saukin kamuwa ne kaɗai ake gada, kamar yadda wani gida suke gadon hawan jini, wani gida ciwon suga. Yawancin 'ya'yan macen da ta yi wannan ciwo sukan tsufa bai taɓa su ba.

Ku dubi tulu. Maginiya takan gina biyu rana ɗaya, da yumɓu ɗaya, amma ɗaya ya fito daga wuta da ɗan rauni a gindi wanda ido ba ya gani. Idan an ɗauke shi a hankali, an ajiye shi bisa gammo, yakan yi shekaru yana kai ruwa gida. Idan kuwa kullum ana dire shi da ƙarfi bisa dutse, rana ɗaya sai ya tsage a hanyar rijiya. Wa zai ce laifin maginiya ne kaɗai?

Gado kuwa ba la'ana ba ne. Sa'ad da almajirai suka ga wani da aka haifa makaho, suka so su san ko zunubinsa ne ko na iyayensa, Ubangiji ya ƙi duka biyu, sa'an nan ya warkar da shi. Labarin yana cikin Yohanna, sura 9. Saboda haka kada mai bi ya yi wa matarsa gori da ciwon uwarta, kada kuma a hana yarinya aure a ce gidansu akwai hauka.

Akwai wani gado kuma da tsohuwar nan ba ta ƙidaya ba, na ɗanta. Mutanen ƙauyen sun sani ubansa ma mai duka ne, ita kanta uwar mijin tana da tabo a goshi da ba faɗuwa ta yi ba. Yaron da ya tashi yana ganin ubansa yana dukan uwarsa, ko ya ƙi abin a ransa, hannunsa ya koya. Yarinyar da ta gani kuma takan ɗauka haka aure yake, ta shiga gidan miji ba ta sa ran wani abu dabam. Hausawa suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma annabi Ezekiyel, a sura 18, ya ba da misalin ɗa wanda ya ga dukan muguntar ubansa, ya yi tunani, ya ƙi bin sawunsa, Allah kuwa ya ce wannan ɗa zai rayu. Jinin da ke jijiyar matarka ba ka da iko a kansa. Halin ubanka kana da iko ka ajiye shi yau. Wa ya sani ma, ko uwar matar nan da aka ce ta yi shiru kafin ta rasu, ita ma igiya ce ta rufe mata baki?

NAUYIN ZAMA

Kai namiji, ka taɓa lissafta aikin matarka na yini guda? Ɗiban ruwa, itace, surfe, niƙa, girki sau biyu ko uku, wanki, goyo a baya, wani kuma a ciki, da damina ga gona. Bisa wannan ka ɗora rashin kuɗi, da mutuwar yaro, da harshen uwar miji, da nisa da dangi, a waɗansu wurare kuma har da gudun hijira.

A shekarar 1978 waɗansu masana biyu, George Brown da Tirril Harris, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan matan unguwar Camberwell a birnin Landan. Suka tarar yawancin waɗanda ciwon damuwa ya kama, wata babbar masifa ce ko doguwar wahala ta riga ta same su. Amma ba duk wadda masifa ta samu ce ta kwanta ba. Waɗanda suka fi faɗuwa su ne wadda uwarta ta rasu tun ba ta kai shekara 11 ba, da mai 'ya'ya uku ko fiye 'yan ƙasa da shekara 14 a gida, da wadda ba ta da wata sana'a a waje, da kuma wadda ba ta da wanda za ta buɗe wa cikinta, musamman miji. Wannan na ƙarshe shi ya fi ƙarfi. Macen da take iya gaya wa mijinta damuwarta ya saurara, ko masifa ta zo, da wuya ta kayar da ita. To, idan miji mai saurare garkuwa ne haka, me za a ce da gidan da mijin shi ne masifar?

DUKA

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi cewa fiye da ɗaya cikin huɗu na matan da suka taɓa zama da namiji, masu shekara 15 zuwa 49, sun sha duka ko tilas a shimfiɗa daga hannunsa. Tun 2013 ta riga ta nuna irin waɗannan mata sun fi sauran kamuwa da ciwon damuwa kusan sau biyu. A Nijeriya, binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya tarar kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun ga duka, ko tilas, ko wulakanci daga miji. Gidajen Kirista suna cikin wannan lissafi. Kada wani ya ce halin waɗansu ne.

Ga yadda duka yake cin hankali. Tabon jiki yakan warke cikin mako, amma tsoro ba ya warkewa, gama ba ta san ranar da za a sake ba. Kunnenta kullum yana ƙofa, tana sauraron takun mai gida, tana auna fuskarsa kafin ya yi sallama. Jikin da Allah ya yi domin ya firgita sa'a guda ya huta, ya zama yana firgita dare da rana, shekara da shekaru. Barci ya yi ƙaranci. Kunya ta hana ta shiga mata, domin kada a ga fuskarta. Tun tana cewa ba ta yi laifi ba, har ta soma cewa watakila ita ce mai laifin. Ɗakin da ya kamata ya zama mafakarta shi ne wurin da ta fi tsoro. Zagi ma duka ne, da gori a gaban 'ya'ya, da hana abinci, da hana ta zuwa gaishe da iyayenta, da tilasta mata a shimfiɗa tana cikin jego ko ciwo. Dukan mai ciki kuwa yakan jawo ɓari, ko a haifi yaro bai cika nauyi ba.

Mun san amsoshin da maza suke bayarwa, gama mun ji su a zaure da yawa.

Wani ya ce, "Ai Littafi ya ce miji shi ne kai." Gaskiya ne manzo Bulus ya rubuta haka ga Afisawa, sura 5. Amma ka karanta har ƙarshen surar. Ma'aunin da ya ɗora wa miji shi ne Kristi da ikkilisiyarsa, Kristi kuwa shi aka yi wa bulala saboda ita, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. A wurin nan kuma manzon ya nuna matar mutum jikinsa ce. Ka taɓa ganin kai ya umarci hannu ya fasa wa jikinsa ido, sai ko mahaukaci? Ga Kolosiyawa kuma, sura 3, ya hana maza ko da ɗacin hali ga matansu, balle sanda. Babu aya ɗaya cikin Sabon Alkawari da ta ba miji izinin dukan matarsa. Ka nema, ba za ka samu ba.

Wani ya ce horo ne, haka muka tarar. Mun sani, har dokar laifuffuka ta Arewa da aka yi a 1959, a sashe na 55, ta bar wa miji ƙofa ya hori matarsa inda al'adarsu ta yarda, muddin bai yi mata mugun rauni ba. Amma a 2015 gwamnatin tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta mai da dukan matar aure laifi, jihohi da yawa kuma sun karɓe ta. Ko da babu wannan, kai da ka ƙone layu ka bar tsafin kakanninka, don me al'ada ta zama hujja a nan kaɗai? Matarka ba yarinyarka ba ce, abokiyar gādonka ce cikin alherin rai, kamar yadda manzo Bitrus ya koyar.

Wani ya ce, "Ita ta tsokane ni, bakinta ba ya shiru, zuciya ce ta ɗebe ni." Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, ba mu ce matarka mala'ika ce ba. Amma dagaci ya taɓa gaya maka baƙar magana, ka mare shi? Mai binka bashi ya zage ka a kasuwa, ka ɗauki igiya? A can ka iya haɗiye fushi, domin ka san abin da zai biyo baya. Ashe zuciyar tana jin linzami. Wadda ba ta da mai rama mata ce kaɗai kake sakar wa. Idan kuwa giya ce ko ƙwaya take sa ka, zunubi biyu ke nan, ɗaya ba ya wanke ɗaya.

Ka ji kuma abin da ya fi wannan ban tsoro. Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari, sura 3, ya gargaɗi maza su girmama matansu domin kada addu'arsu ta toshe. Annabi Malakai, a sura 2, ya gaya wa mutanen Yahuza dalilin da Allah ya ƙi karɓar baikonsu: shi ne shaida tsakanin mutum da matar ƙuruciyarsa wadda ya ci amanarta. Ka iya raira waƙa da ƙarfi ranar Lahadi, ka iya kawo zakkar hatsinka dami dami, amma wanda ya ga abin da ka yi daren Asabar shi kake yi wa sujada. Domin wannan ne Bulus ya gaya wa Timoti da Titus kada a naɗa mai saurin hannu ya zama shugaba cikin ikkilisiya.

GARE KI, 'YAR'UWA

Idan ke ce ake karanta wa wannan, ki ji. Ba laifinki ba ne. Tuwon da ya makara ba ya cancanci jini. Ciwon da kike ji a ranki ba alamar Allah ya yashe ki ba ne, ba kuwa ƙarancin bangaskiya ba.

An gaya miki haƙuri maganin zaman duniya, an gaya miki ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Haƙuri abu ne mai kyau a kan talauci da ciwo da halin mutum, amma Allah bai umarce ki ki tsaya a kashe ki ba. Dawuda ya kauce wa mashin Saul ya gudu da dare. Almajirai sun zura Bulus cikin kwando ta bayan ganuwar Dimashƙu. Ba wanda ya ce sun yi zunubi. Ki gaya wa wata dattijuwa da kika amince da ita, ko matar fasto, ko iyayenki. Idan ya taɓa shaƙe ki, ko ya ɗauki makami, ko ya ce zai kashe ki, ko ya doke ki kina da ciki, kada ki jira wani karo. Ki ɗauki yara ki tafi inda za a tsare ki, a sanar da hukuma. Idan kuma tunanin kashe kanki yana zuwa miki, ki faɗa wa wani yau, kada ki kwana da shi ke kaɗai.

GA DATTAWAN IKKILISIYA

A nan mu ma muna da abin tuba. Sau nawa mace ta yi yaji ta zo da kumburarriyar fuska, muka zaunar da su biyu a tabarma ɗaya, muka tambaye ta a gabansa me ta yi masa, muka ce ta yi haƙuri, muka mai da ita kafin rana ta faɗi? Muna tsammani mun gyara aure, ashe mun mai da tunkiya wurin kura domin kada a ce garkenmu ya watse.

A ji ta ita kaɗai tukuna, tare da mata dattawa, ba a gabansa ba. A gaskata abin da ido ya gani. Sa'an nan a bi da mijin bisa ga matakan da Ubangiji ya shimfiɗa a Matiyu, sura 18: a yi masa magana a keɓe, idan ya ƙi a ƙara shaidu, idan ya ƙi a kai gaban ikkilisiya. Mai dukan matarsa kada ya yi wa'azi, kada ya riƙe muƙami, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji har a ga tuba. Kukan dare ɗaya da goron biko ba su isa shaidar tuba ba, gama yawancin masu duka sukan yi nadama da safe su sake bayan wata. Watanni ne suke nuna ta. Kada a tilasta wa mace ta gafarta da baki domin a rufe magana, kada kuma a ɗaura mata komawa a kan gafara; tana iya yafe masa tana zaune a gidan ubanta.

ADDU'A DA MAGANI

Sa'ad da annabi Iliya ya gaji da ransa, ya kwanta a gindin wani itace a jeji ya roƙi mutuwa, Allah bai fara da tsautawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa, ya sake barinsa ya yi barci, ya sake ciyar da shi, daga baya ne ya yi masa magana a Horeb. Wannan yana cikin littafin Sarakuna na fari, sura 19. Haka za ku yi wa 'yar'uwa mai wannan ciwo. Wata ta ɗauke mata girki, wata ta riƙe jariri da dare domin ta yi barci, wata ta zauna kusa da ita ko ba a ce kome ba. A kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannunta zai kai. Kada a sa ta azumi, kada a taru a kanta ana ihu.

Sa'an nan a kai ta asibiti. Luka wanda ya rubuta bishara likita ne, Bulus kuwa bai ji kunyar kiransa haka ba. Akwai asibitocin gwamnatin tarayya na ciwon ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da sashen wannan ciwo. A fara da asibitin da ya fi kusa, su za su nuna hanya. A gaya wa likita gaskiya duka: dukan, da ciwon uwarta, da yaran da suka rasu, da ko tana shayarwa. Akwai magani na sha, akwai kuma na zama da gwani ana tattaunawa. Na shan ba ya aiki rana ɗaya, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a soma ganin sauƙi, kuma akan ci gaba da shi wata shida ko fiye bayan an warke. Kada a tsayar da shi sai da izinin likita, ko da wani ya ce shan magani rashin bangaskiya ne.

Akwai wani iri mai tsanani da yakan kama mace ɗaya ko biyu cikin 1,000 da suka haihu, yawanci cikin mako biyu na fari. Takan rikice, ta kwana ba barci, ta ji muryoyi, ta faɗi abin da ba shi ba. Wannan na gaggawa ne, a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Yana jin magani sosai. Wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yinsa, ko ita kanta a haihuwar baya, ta gaya wa ma'aikatan awon ciki tun da wuri. Amfanin sanin gado ke nan. Turu da sarƙa da bulala ba sa warkar da kowa. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton masu taɓin hankali da aka ɗaure da sarƙa a wurare dabam dabam a Nijeriya, abin kunya kuwa, har da majami'u. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba marasa lafiyar nan haƙƙin a bi da su da mutunci.

Matar da muka fara da labarinta, dattawa suka kira ƙanin ubanta ya zo ya ɗauke ta da jaririn. Tsohuwar nan ta raka ta asibiti, tafiyar rabin yini a mota. Bayan wata biyu ta soma cin abinci da kanta. Wata rana da yamma aka ji tana yi wa jaririn wasa da ƙaramar murya, matan gidan suka dubi juna ba su ce kome ba.

Mijin da fari ya yi fushi, ya bar zuwa majami'a wata uku, yana cewa an raba shi da iyalinsa. Daga baya ya komo, ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, bai ce jifa ba, bai ce ita ta jawo ba. Kowace ranar kasuwa yakan kai hatsi da kuɗin magani gidan surukansa, ya zauna a zaure. Da ya tambayi ƙanin ubanta yaushe za ta koma, tsohon ya ce, "Ɗana, shekara tara ka yi kana rushewa, kada ka ƙosa da wata shida. Ranar da ta ji takunka gabanta bai faɗi ba, ita za ta gaya mana." Sa'ad da muka bar ƙauyen tana gidan ubanta tukuna, tana shan maganinta, ta kuma soma sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida.